Kopto a Littafin Kano

A gidan Garba dillalin shanu, can bayan kasuwar Filinge, babu mai taushin zuciya kamar matarsa Rabi. Duk unguwar za ta ba da wannan shaida. Mace ce da in ta ji labarin marainiya sai ta jiƙa bakin mayafinta da hawaye, ta yi ta ja wa azzalumai Allah ya isa har muryarta ta dishe. Ita ce kuma take yawo da makullin mangaza, ɗakin ajiyar da ake rufe Ummul a ciki, ɗaure a haɓar zanenta.

Ummul ɗiyar ƙanen Garba ce. Daga wani ƙauye na wajen Sanam aka kawo ta, bayan masu bindiga sun shigo a kan babura sun kashe mahaifinta a gabanta. Ba a tayar da wannan magana a gidan. Abin da ake tayarwa shi ne halin da yarinyar ta zo da shi, wato ba ta iya zama. In an ce ta zauna, sai ta ɗosana ta miƙe. Ta je bakin randa ta dawo, ta taɓa igiyar shanya, ta leƙa zaure, ta sake komawa bakin randa ba ta sha ruwan ba. Da safe kuma, da zarar injin niƙan maƙwabta ya tashi, sai jikinta ya ce mata babura ne, ko da kanta ya san inji ne. Wata rana ta ruga ba takalmi ba ɗankwali, ba ta tsaya ba sai tsakiyar kasuwar dabbobi, inda Garba yake riƙe da hannun wani baƙo suna cikin ciniki. Tun daga ranar aka share mata gefe a mangaza, tsakanin buhunan dussa da tsofaffin igiyoyin shanu.

"Inna, ku kai ni likita," in ji Ummul ta tsagar ƙofa, tana nufin asibitin garin. "Ni ma ban son yadda nike."

"Likita mi ta sani ban da allura da ƙarin ruwa?" in ji Rabi. "Iska ba ta jin allura. Kuma duk Hilinge can taka haɗuwa. Ki hau bencinsu da sahe, kahin azahar an kai labari gidan masu neman Jamila. Ki yi haƙuri, ɗiyata, rufin asirinmu na gaba ɗaya."

Jamila ita ce 'yar gidan, tana kwalej, an fara zuwa gaisuwa dominta. Shi kuma Garba uzurinsa bai wuce sana'arsa ba. Dillali, in ji shi, da mutuncinsa yake cin abinci, kuma ba makiyayin da zai danƙa igiyar sansa a hannun mutumin da aka ce akwai mai taɓin hankali a gidansa. Don a samu shiru, Rabi ta riƙa sayen wasu ƙananan ƙwayoyi wurin mai tallan magani a kan tire, tana murje su cikin kunu. In Ummul ta sha, sai harshenta ya yi nauyi, ƙafafunta su mutu, amma cikin kanta gudun bai tsaya ba.

Littafin ya shigo gidan ne ta wayar Jamila. Wata ƙawarta ta turo mata shi, labarin Hausa irin na Kano, dogo, babi bayan babi. Rabi ta ce a karanta mata. Da la'asar aka shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro, Muna maƙwabciyarsu mai sai da kopto, wato dafaffen ganye da ake kwaɓawa da ƙuli, ta ajiye tirenta ta zauna, wasu matan unguwa ma suka shigo. Sai dai Jamila karatunta na Faransanci ne. Hausa a rubuce takan tsaya mata a wuya, tana ja tana tuntuɓe, duk inda ta ga "ce" sai ta ce "se".

"Ruƙayya ta se... siwon yana sikin..."

"Ciwo," in ji wata murya daga bayan ƙofar mangaza. "Ciwon yana cikin ƙirjinta."

Matan suka dubi juna. Ashe lakwal, wato makarantar boko ta ƙauyen su Ummul, irin mai harshe biyu ce, da Hausa aka fara koya musu baƙi. Son labari ya rinjayi tsoron idon mutane a wurin Rabi, ta kwance makulli. Ta ce wa matan yarinyar ba ta jin daɗi ne kwana biyu, shi ya sa take kwance a ciki. Matan suka ce Allah shi sawwaƙe, ba wadda ta tambayi dalilin kwaɗo a ƙofar marar lafiya.

A tsaye Ummul take karatu. Takan riƙe wayar da hannu biyu, ta je bakin katanga ta dawo, muryarta na bin ta. In an ce ta zauna ba ta ko ji. Bakinta kuwa sai ya juye ya koma na Kanawa tsaf, "yana" a wurin "shina", "tafi" a wurin "tahi", har Muna tana cewa rediyo aka kunna musu. Rabi ta lura ƙwaya tana naɗe wa yarinyar harshe, don haka ta mayar da kunun zuwa bayan karatu. Ana rufe waya za ta miƙa mata kofi, ta tsaya a kanta sai ta shanye, sannan ta raka ta mangaza.

Labarin wata budurwa ne, Ruƙayya, wadda uwarta ta ƙone a gobara tana kallo, aka kai ta riƙo wurin goggonta, matar ɗan'uwan babanta. Tun daga nan ba ta iya jin warin hayaƙi. Ko gawayi aka hura sai ta fita hayyacinta, a makaranta ana yi mata dariya, ita kuma ta tsani kanta.

Matan sukan yi gardama kan littafin kafin su watse.

"Wanga ya hi sauran," in ji Muna. "Waɗancan duk motoci na da gidan sama da turare. Wanga ko mai rubutun ya san mutum. Bai ce yarinyar mai kirki ta ba, bai ce muguwa ta ba. Ya bar ta yadda take."

"Ni dai ya ishe ni, Tanti Muna," in ji Jamila. "Mun yi nisa, hal yanzu ba saurayi ko guda."

"Ke mi kinka sani?" Rabi ta ce tana share ido. "Littahin da ke koya ma mutum tausai shi na littahi."

Ummul ba ta sa baki, ba a ma tambayarta. Amma ita ta san abin da littafin ya yi mata. Akwai wurin da aka ce Ruƙayya ta san wutar murhu ce kawai, amma ƙafafunta ba su sani ba. Da Ummul ta zo nan sai da ta maimaita wurin. Tun da aka kawo ta Filinge take neman yadda za ta faɗi wannan, ba ta samu ba, sai ga shi wani wanda bai taɓa ganinta ba ya rubuta shi a can wata ƙasa. Ranar ta ji daɗi, ta kuma ji haushi, don waɗanda suke kuka saboda Ruƙayya su ne suke kau da kai in ita ta toshe kunne.

Wata safiya, bayan injin niƙa ya lafa, tana manne da ƙofa tana haki, ta ji Garba da Rabi suna magana a bakin murhu.

"Na gama magana da mutumin nan na daji," in ji Garba. "Mai maganin iska. Ya ce a kawo ta. Shina sa musu mari a ƙahwa hal su natsu."

"Mari kuma, Malam?"

"To mi kike so? Ta sake shigo min kasuwa? Can ba mai ganinta, ba mai jin ta."

Ana jin Rabi tana kwashe toka. Ummul ta kasa kunne, tana jiran Inna ta ce a'a.

"Ka dakata mu ƙare littahin nan tukuna," in ji Rabi. "Ba wanda ya iya karanta shi sai ita."

Garba ya yi tsaki, ya ce mata ba su da aikin yi, amma ya yarda.

Da la'asar ɗin ranar, matan na cikin gardamarsu, Ummul ta ja babban yatsanta a kan wayar don ta ga abin da ya rage. Babi ɗaya ne. Ta bi shi da ido cikin sauri. A cikinsa goggon ta kai Ruƙayya asibiti, likita ya saurare ta, ya ce wannan ba hauka ba ne, ba iska ba ne, ciwo ne da yake kama wanda ya ga abin firgita, kuma ana warkewa.

Ta kwana tana juya abin. In ta karanta wannan babi, wataƙila Inna ta ji, ta gane. In kuma ba ta gane ba, littafi ya ƙare, sai mari. Ta tuna yadda Inna take miƙa mata kofi da idon da bai gama bushewa daga kukan Ruƙayya ba. Tsoro ya fi ƙarfinta. Washegari ta riƙe wayar kamar kullum, ta kafa ido a kan rubutun, ta fara faɗin abin da babu shi a ciki.

Ba ta da wani labari a ajiye. Ba ta san titunan Kano ba, ba ta san abin da masu kuɗinsu suke yi ba. Abin da ta sani shi ne mangaza, don haka ta sa goggon Ruƙayya ta rufe ta a ɗakin ajiya.

"Ɗakin babu taga," ta karanta da bakin Kanawa, tana kai da kawowa. "Da rana kwanon rufin yakan yi zafi har ta ji kanta yana dahuwa. Ƙwarin dussa suna bin wuyanta. An ajiye mata bokiti a lungu, tana jin kunyar ƙararsa idan akwai mutane a tsakar gida. Takan auna ɗakin da ƙafa, daga buhu zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa buhu, har tafin ƙafarta ya yi kanta."

"Wagga goggo ba ta da imani," in ji Rabi.

"Da can ba haka take ba," in ji Muna. "Mi ya same ta?"

"Halinta na ya hito. Ci gaba, Ummul."

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Ummul ta sa wa goggon ƙwaya a hannu, ta sa ta murje ta cikin kunu. Ta sa mata har maganar rufin asiri, kalma da kalma, tana satar kallon Inna ta saman wayar ko za ta ga wani abu ya motsa a fuskarta.

"Ruhin asirin banza," in ji Rabi, ta buga cinya. "Ɗiyar ɗan'uwan mijinki? Allah shina kallonki, baiwar Allah."

Da aka watse ta miƙa wa Ummul kofinta, har tana cewa ta sha da zafinsa.

Matan kuwa suka ce yanzu littafin ya kai littafi. Tabarma ɗaya ta daina isa. Muna ta ce ita ba ta taɓa jin an rubuta zafin ɗaki har ta ji gumi na keto mata ba sai a nan. Wata ta ce mai rubutun nan lalle an taɓa rufe shi. Aka yi dariya.

Ummul ce dai take ƙarewa. Bazara ta kankama, mangaza ta zama tanda. Ta fara ƙin kunun, Rabi ta ƙara yawan ƙwayar don abin da ya shiga ya isa, ta kuma hana ta tuwo sai ta shanye. Hannuwanta suka fara rawa, wayar na kaɗawa a cikinsu. Da rana tana zagaya buhuna tana haɗa abin da za ta faɗa da la'asar, ƙwaya na warware mata shi. Takan manta abin da ta ce jiya, sai Muna ta tuna mata. Ga kuma aikin tsare baki, kada "shina" ta kuɓuce mata a tsakiyar Kano. Garba kuma kullum in ya dawo daga kasuwa sai ya tsaya a bakin zaure ya tambaya.

"Wanga littahi ba shi ƙarewa?"

"Ya kusa, Malam," in ji Rabi. "Sai mun ga ƙarshen azzalumar nan."

Yunwa ce ta kayar da ita. Ranar tun safe ba ta sa komai a ciki ba, don ta kifar da kunun jiya a bayan buhu, an kuma gane. Muna ta shigo da tirenta ta ajiye kusa da tabarma. Ganyen ya sha ƙuli da albasa da ɗan yaji, ƙamshinsa ya cika tsakar gida. Ummul tana karatu, idonta na kan waya, hancinta na kan tire.

"Ruƙayya tana jin ƙamshin kopto daga tsakar gida," ta ce, "tana jin ana ci ana hira, ba wanda ya tuna ya miƙo mata ko loma ɗaya."

Muna ta tafa hannu. "Ashe Kanawa ma sun san kopto? Ni da nike cewa namu na, mu da Zabarmawa."

"Duniya ta zama ɗaya," in ji Rabi. "Mi ba ya zuwa Kano?"

Ummul ta gane bakinta ya kuɓuce. Ta yi sauri ta wuce wurin. Jamila ce kaɗai ta ɗago kai ta dube ta.

Da Muna mai riƙe magana ce, da abin ya wuce. Amma mace ta ji sunan sana'arta a littafi, ina za ta iya shiru? Kafin magariba ta kai labari bakin famfo, washegari tana tallan koptonta tana cewa har a littafin Kano an yabe shi. Magana ta bi 'yan mata ta shiga kwalej. Ƙawar Jamila, wadda ta turo littafin, ta daɗe da gama shi. Ta yi wa Jamila dariya a gaban 'yan ajinsu, ta ce Kanawa kwaɗon zogale suke cewa, kuma ita ba ta ga wani ɗakin ajiya ko ƙwaya a littafin ba, sai dai in na gidansu daban ne.

Da la'asar tsakar gida ta cika. Ummul ta fara ke nan Jamila ta miƙe ta fizge wayar daga hannunta. Ta duba, ta ja sama, ta ja ƙasa.

"Nuna min inda anka rubuta abin da kinka hwaɗi yanzu."

Ummul ta yi tsaye, hannuwanta a wofi.

Jamila ta juya wurin uwarta. "Inna, babu shi. Babu mangaza, babu ƙwaya, babu kopto. Tun kwanaki babi guda ya rage. Duk daga kanta taka hiddo shi."

Muna ta dubi ƙofar mangaza da kwaɗon da ke rataye a jikinta. Ta dubi kofin da ke rufe da faifai kusa da ƙafar Rabi. Sauran matan ma idonsu ya bi nata, sannan kowa ta sami abin dubawa a kan tabarma.

Fuskar Rabi ta nuna ta gane, sarai ta gane, kuma da a ce kunya tana gyara mutum da ranar ta gyaru.

"Wato ni ta goggon," ta ce a hankali. "Ni da nika ci da ke, nika sha da ke. Kinka tsaya tsakar gidana kina zagina da bakina, gaban mutane."

"Inna, ba zagi na ba. Tsoro nike ji. Na ji maganar mari."

"Kun ji ko?" Rabi ta juya wurin matan, muryarta ta dawo da ƙarfinta. "Ku shaida. Mutum shi kalli rubutu shi karanta abin da babu, kwana da kwanaki, da muryar da ba tashi ba? Wa ke yin haka in ba mai iska ba? Mu munka zauna muna saurare, ashe ba ita ke magana ba. Da ina shakka, yau na tabbata."

Wata daga cikin matan ta ce a'uzubillahi, ta jawo ɗanta jikinta. Wata ta ce dama ita tun farko tsayuwar nan ba ta kwanta mata ba. Haka kowa ta sami ƙofar fita daga abin da ta ji da kunnenta. Aka mayar da Ummul mangaza tun rana ba ta faɗi ba. Da Garba ya dawo ya ji, bai yi faɗa ba, ya ce dama ya faɗa. Ya fita neman direban da ke bin hanyar daji, suka shirya gobe in kasuwa ta watse.

Washegari Ummul ta yini tana zagaye. Ta buga ƙofa, ta kira Inna, ta kira Jamila, ta ce a ba ta wayar ta karanta babin ƙarshe, na gaskiya, ba za ta ƙara ko kalma ba. Ba wanda ya amsa. Da la'asar ta ji ana shimfiɗa tabarma. Mutane ba su zo da yawa ba, amma Muna ta zo, don labarin da aka fara ba ya barin mutum. Rabi ta ce Jamila ta ƙarasa musu, su huta.

Jamila ta fara, tana ja tana tuntuɓe. Ummul ta manna kunne a tsagar ƙofa, leɓɓanta na riga Jamila isa kowace kalma.

"Likita ya se... ya ce, Ruƙayya, ke ba mahaukasiya ba se. Abin da idonki ya gani ne jikinki ya kasa mantawa. Shi ya sa ba kya iya zama, ba kya iya barsi. Shi ya sa abu kaɗan yake mayar da ke ranar. Wannan siwo ne kamar kowane siwo. Akwai magani, akwai kuma magana da za mu riƙa yi da ke. Babban abin da ba a so shi ne a rufe ki, ko a ɗaure ki."

Ummul ta ji shessheƙa. Ta san ta, ta Inna ce. Ƙafafunta da ba su tsaya ba tun safe suka tsaya cik. Ta dafa ƙofar da tafin hannu biyu. A ranta ta ce ga shi, ta ji, da kunnenta ta ji, kuma ba daga bakina ba. Nadama ta kama ta, da ta sani da tun ranar ta karanta.

Jamila ta kai ƙarshe. Ruƙayya ta samu sauƙi, ta koma makaranta, ta hura wuta da hannunta ta dafa wa goggonta shayi.

"Allah sarki," in ji Rabi, tana jan hanci. "Allah shi saka ma wagga goggo. Ka ji mutanen kirki."

"Rabi," in ji Muna, muryarta ƙasa ƙasa. "Abin da likitan nan ya lissafa, ba ki ganin... ko a gwada kai yarinyar nan? Nan kusa na."

"Haba Muna. Ita Ruƙayya ai ɗiyar mutane ta mai hankalinta, ciwo na ya same ta. Tamu ko iska ta, ke ma kin shaida jiya. Kuma Malam ya riga ya yi magana da direba, ba a mai da namiji ƙaramin mutum."

Muna ta miƙe. Ummul ta ji ƙarar tire ana ɗauka, ta ji takun takalmi ya nufi zaure, ta ji an ce sai gobe. Ita ma Muna maƙwabciya ce, gobe za ta buƙaci aron turmi.

Ba a jima ba mota ta yi oda a ƙofar gida. Makulli ya shiga kwaɗo, haske ya faɗo cikin mangaza. Garba na tsaye a bakin zaure da igiya a naɗe a hannu, ko da za a buƙata. Ba a buƙace ta ba, don Ummul ta fito da ƙafarta.

"Inna, kin ji abin da likitan ya ce," ta faɗa. "Kin yi kuka."

"Na ji, ɗiyata. Littahi na mai kyau."

Idon Rabi har yanzu jajaye ne. Ta ɗauko mayafin Jamila na fita, ta yafa wa Ummul, ta jawo shi har ya rufe mata goshi, ta gyara bakinsa a ƙarƙashin haɓa da hannu mai taushi.

"Ki sunkuyar da kai in kun shiga gari," ta ce. "Ta ƙohwar likita za ku bi, can akwai idon mutane."